Kada Turke Ya Kwana

Bana ma azumi ya faɗo mana a tsakiyar bazara, irin wanda tun da hantsi harshe yake manne wa ganɗa. Ina kishingiɗe a gindin dalbejiyar ƙofar gida, na jiƙa ƙyalle na ɗora a ka, sai ga Aminu, babban ɗana, ya tsayar da babur yana huci. Ya sayi ɗan fili a cikin Kura zai yi gini, wai birkila ya ce lallai sai ya janye bangon baya, ya bar kamu uku tsakaninsa da maƙwabci, don a samu inda za a kafa gado, wato katakon nan da magini yake takawa idan gini ya wuce kansa. Aminu ya ce shi bai ga dalilin da zai sayi ƙasa da tsada ya bar wa ɓeraye da ledoji ba. Na ce masa ya bar huɗu. Ya dube ni kamar azumi ya taɓa mini kai, ya ja babur ɗinsa ya tafi. Ban tsaya yi masa bayani ba, bakina ba shi da yawun dogon zance. Amma yana tafiya sai wani azumin ya dawo mini, na shekara talatin da 'yan kai da suka wuce, lokacin shi Aminun ko wando bai fara sawa ba.

Daminar da ta gabaci wancan azumin wasa da hankali ta yi mana. Da fari ta ƙi zuwa har shuka ta bushe sau biyu, sannan da marka ta juye abin da ta riƙe duka cikin kwana uku. Ɗakin Inna, mahaifiyata, na ƙasa ne tun ginin marigayi babanmu. Bangonsa na gabas ya sha ruwa ya ƙoshi, ran na ukun da rana tsaka sai kawai ya zauna, rufin ya bi shi. Allah ya sa tana rumfa tana tsinke zogale. Muka tono abin da ya tonu, muka mayar da ita ɗakin matata Hadiza, ita da yara, ni kuma na koma zaure da tabarmata. Wanda ya san tsofaffinmu ya san nauyin wannan. Inna ba ta iya miƙe ƙafa a gaban suruka, ba ta iya tari da ƙarfi, abinci ma sai ta juya baya take ci. Ina gani tana ramewa. Magana ɗaya ta yi mini a kai, ba ta sake ba.

"Auta, kada wata daminar ta same ni a ɗakin mutane."

Na ce in Allah ya yarda ba za ta same ta ba.

Mu nan abin da damina ta hana mu, rani muke sa ran ya biya, tunda ga kanal ɗin ruwan noman rani a bayan gari. To a shekarar ruwan ma ya yi jinkiri, aka ce ana gyara a can sama. Alkamar da aka shuka a makare ta haɗu da zafi, ta yi kai babu ƙwaya. Tumatir kuwa na kowa ya nuna rana ɗaya, kwando ya faɗi har bai kai wahalar kai shi bakin titin Zariya ba. Muka zauna muna yankawa muna shanya kauɗa, gari duk ya ɗauki tsamin ruɓaɓɓen tumatir, ƙuda ya samu sarauta. Dawar rumbu da kwano Hadiza take aunawa, tana shafe kansa da hannu. A cikin wannan hali na kama sa ɗaya cikin biyun da nake huɗa da su, na sayar, na sayo siminti. Bari in faɗi gaskiya tunda furfura ta zo: ba don Inna kaɗai ba ne. Babu ɗakin bulo ko ɗaya a unguwarmu, ina so a ce Garba ne ya fara.

Kafin a ga watan azumi muka buga bulo. Yashi da amalanke muka kwaso daga rafi, ruwa kuma da garwa daga kanal, a ranakun da aka ga damar sakinsa. Na kira gayya, mutanen unguwa suka zo, Hadiza ta dama kunu a babbar tukunya. Simintin mun ja shi har ya fi ƙarfinsa, in ka murza gefen bulon da yatsa yashi yana zubowa. Kowa ya gani, kowa ya ce ai filasta za ta rufa masa asiri. Harsashin ginin ma mu muka haƙa da kanmu, muka bi bakin tsohon bangon da ya faɗi ta waje, daidai inda ƙasarmu ta ƙare, yadda iyayenmu suke yi. Ginin ƙasa bai san wani gado ba. Magini hawa bangon yake ya zauna a kai kamar ya hau jaki, ana cilla masa tubali daga cikin gida yana cafewa, yaɓe ma daga sama yake sunkuyowa ya shafa da hannu. Ƙafarsa ba ta taɓa ƙasar maƙwabci. Shi ya sa duk garinmu bango a kan iyaka yake tsayawa, ba mu taɓa jin an bar wata tazara ba.

Birkilan da na ɗauko daga Kumbotso, Ɗanjuma, ya tarar an gama harsashi, ya ɗora bulo a kai bai tambayi komai ba. Ranar uku ga azumi gini ya kai ƙirji, sai ya ajiye cokalinsa ya ce gobe a kawo sandunan itacen turare shida da katako, zai kafa gado a baya. Na ce wane bayan? Ya nuna garkar da ke jikin bangon gabas. Ashe duk tsawon kwanakin nan ya ɗauka tawa ce, tunda dangar da ke tsakani ta tafi tare da tsohon ɗakin.

Garkar Malam Isyaku ce. Ya girme ni da kamar shekara goma, Yaya nake ce masa, babansa da babana tare suka tashi, mahaifiyarsa kuma har ta rasu aminiyar Inna ce. Mutum ne marar yawan magana, in ka gaishe shi sai ya gama duba ka kafin ya amsa. Lokacin da muke haƙa harsashi ba ya gari, ya bi motar tumatir zuwa kudu, motar ta lalace musu a hanya suka yi kusan mako uku. Ya dawo ya tarar da bango a tsaye. Bai ce sannu da aiki ba, na dai hango shi ya tsaya a kututturen tsohuwar tsamiya da ke ƙarshen garkar ya runtse ido ɗaya yana duban ginin.

Bayan la'asar na same shi yana ban ruwa ga irin albasarsa daga rijiya. Na gaishe shi, na yi masa barka da shan ruwa tun lokaci bai yi ba, na faɗi abin da ya kawo ni. Ya bari na gama tas. Sannan ya tambayi turke nawa ne, na ce shida. Zurfin ramin fa? Na nuna masa da hannu. Kwana nawa? Na ce bai wuce uku ba. Sai ya ajiye guga.

"Wancan karon ma kwana uku aka ce mana."

Na san abin da yake nufi. Lokacin da aikin ruwa ya zo ƙasar nan, masu awo sun shiga gonar babansa sun kafa 'yan turaku masu jan kai, suka ce na awo ne kawai, za a cire. Da aka gama yanka filaye aka sake rabawa, abin da aka dawo wa gidansu da shi bai kai wanda aka karɓa ba, kuma a can nesa da ruwa. Tsohon ya yi ta zarya har ƙafa ta gaza. Tun daga nan Malam Isyaku ko akuyar wani bai yarda a ɗaure a ƙasarsa ba. Na ce haba Yaya, ni ne fa, Garba. Ya ce ya sani, ai shi ya sa. Ya sake duban bangon tun daga wannan kusurwa har waccan, ya ɗauki gugansa ya juya mini baya.

Na dawo gida raina a ɓace, azumin ma ji na yi ya ƙara nauyi. Ni a wurina magana a fili take, hassada ce. Mutum ya kai tumatir kudu ya dawo da ruɓa, ya tarar ƙaninsa na bayansa yana ɗora bulo, ina zai ji daɗi? A majalisar ƙofar masallaci na samu masu taya ni. Wani ya ce ai tun ranar gayya ya lura gidan Isyaku ba su aiko ko da ruwan sha ba. Wani ya ce in yi hankali, mai irin wannan shirun ba a san abin da yake binnewa ba. Hadiza kuwa ta ce matarsa Larai ta shigo aron turmi alhali suna da biyu, idonta yana kan tarin bulo tana motsa baki. Washegari da sassafe na kama Hadiza tana yayyafa wa ginin ruwan tofi.

Duk da haka kwanon shan ruwa bai daina zagawa tsakanin gidajen biyu ba, don wannan ko ana gaba ba a yanke shi. Mu aika kunun tsamiya, ba sukari, su aiko da ɗan ƙosai ko dafaffen rogo. Sai dai Hadiza ta fara ture nasu gefe, tana jiran Inna ta kau da kai ta zuba wa awaki. Ran da Inna ta gane, ta jawo kwanon gabanta ta cinye tas, ta ce in akwai wani abu a ciki to ita ya fara kamawa. Shi kuwa gogan naka kullum da hantsi zai shimfiɗa buzu a inuwar mangwaron garkarsa, carbi a hannu, fuska a bangona. In yashi ya zuba ta wajensa sai ya taso ya share da ƙafa ya turo mana.

Ɗanjuma ya ce to a kafa gadon ta ciki, a ƙarasa tsawon ginin a haka, filastar waje kuwa sai yadda Allah ya yi. Ranar da za a kafa, zafi ya kai inda ko kaji sun buɗe baki sun saki fiffike. Da azahar ta kusa, shi da leburansa suka tafi bakin kanal su jiƙa jiki, ni na tsaya ina haƙa ramukan a cikin ɗakin don a rage lokaci. A rami na uku, wanda ke kusa da kusurwar gabas, dagi ya bugi wani abu ya yi ƙara. Na sa hannu na yaye ƙasar. Gindin tukunya ne, an kife ta. Gefen da dagin ya fasa na zura yatsu, na fito da gawayi.

Sai da na zauna a ƙasa. Babanmu ya sha faɗa mana muna yara cewa iyakarmu da gidan su Isyaku tukunya ce cike da gawayi, shi da amininsa suka binne, don gawayi ba ya ruɓewa, gara ba ta cin sa. Ban taɓa ganin ta ba, na ɗauka tana can ƙarƙashin tsohon bango. Ga ta a cikin ɗakina. Na ɗora gwiwar hannu a kanta na miƙa yatsu, suka taɓa bulo daidai. Kamu ɗaya cif, ban da kaurin bangon. Nan take na gane yadda aka yi. Bangon ƙasa duk shekara ana ƙara masa yaɓe yana ƙiba ta waje, shekara arba'in yana ci, da ya faɗi kuma ya baje. Mu kuma muka bi bakin bajewar muka haƙa. Wallahi ban yi da gangan ba, wannan ko gaban Allah zan faɗa.

Abin da na yi bayan nan shi ne da gangan. Na san in magana ta fita, hukuncin garinmu ɗaya ne, a rushe a koma kan iyaka. Siminti ya tafi, sa ya tafi, damina saura ƙiris, ga Inna a ɗakin suruka. Na leƙa ta taga, Malam Isyaku yana kan buzunsa. Na mayar da gawayin, na tura ƙasa, na taka da diddige har ta yi daidai, na haƙa wani ramin a gefe. Da azumi a bakina na yi wannan, sannan na je na yi alwala na bi jam'i a sahun gaba.

Daga ranar zargin ya juya. Da ina cewa me yake nufi da ni, yanzu sai na koma cewa me ya sani. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. In ya yi gyaran murya sai gabana ya faɗi. In na gan shi da mai unguwa a hanya sai in rage tafiya in ga ko za su waiwayo. Sahur ma tuwon ba ya wuce mini, Hadiza ta ɗauka zafi ne. Ana gama tsawon gini aka cire sandunan ciki, na ce wa Ɗanjuma a yi daɓen siminti yau. Ya ce maigida, wa ya taɓa yin daɓe kafin rufi? Rana za ta farfasa shi, kuma simintin filasta za mu ci. Na ce kuɗina ne ko nasa? Sai ya kwaɓa. Na tsaya a kansa har sai da cokali ya shafe kusurwar gabas, sannan na yi ajiyar zuciya. Da yamma a ƙofar masallaci Malam Isyaku yana sa takalmi ya ce, ba tare da ya dube ni ba, ya ji an yi daɓe kafin rufi, ko sabon yayi ne na birni. Na yi dariyar da ba ta kai ciki ba.

Aka ɗora kwanon rufi. Goman ƙarshe ta shigo, shamuwa ta sauka a kan rimin masallaci, da la'asar gabas ta fara haɗa baƙi tana watsewa. Iska ta canja, tana zuwa da ɗumi mai nauyi, dare da rana gumi ba ya bushewa. Bangon gabas yana nan tsirara, kuma ruwanmu daga gabas yake dukan gini. Ɗanjuma ya ce irin wannan bulon in ruwa biyu ya same shi ba filasta, da cokalin shayi ma za a iya kwashe shi. Ban iya komawa wurin Malam Isyaku ba, ƙafata ta ƙi. Ashe Inna ta aika wa mai unguwa ban sani ba.

Aka tara mu a zauren mai unguwa bayan la'asar. Na zauna ina jiran a ce tukunya. Ba a ce ba. Mai unguwa ya yi ta jan hankali, ya ambaci zumuncin iyaye, ya ambaci watan da muke ciki. Malam Isyaku ya saurara kansa a ƙasa, da aka gama ya ce saboda Inna ya yarda, amma da sharaɗi.

"Kada turke ya kwana a ƙasata. A kafa da safe, kafin a kira magariba a cire, a cike ramin a gabana."

Ɗanjuma da ya ji sai da ya jefar da hularsa. Kafa gado da ɗaure shi da igiya aikin rabin safiya ne, kwance shi ma haka. Aikin kwana uku ya koma na mako guda. Kullum muna idar da asuba mu fito da sanduna shida a kafaɗa, mu tone ramukan da muka cike jiya, mu kafa, mu ɗaure, rana ta riga ta fito ta same mu. Kwaɓin yana bushewa a kan cokali kafin ya kai bango, sai an yi ta yayyafa ruwa, ruwan da kake ɗauka a garwa kana jin ƙamshinsa ba halin kurɓa. Leɓena ya tsage. Leburan Ɗanjuma ya faɗi sau ɗaya, muka ja shi inuwa muka zuba masa ruwa a ka. Malam Isyaku ya shata mana layi da sanda a ƙasa, iyakar inda ƙafa za ta taka, ko ganyen albasa ɗaya ba mu taɓa ba. Da yamma ya zo ya ƙirga ramuka shida, ya taka kowanne da ƙafarsa, sannan ya tafi shan ruwa. Ina jin haushinsa, ina jin tsoronsa, kuma ban isa in ɗaga ido in dube shi ba.

Ranar ashirin da bakwai saura ɗan yanki a sama wajen kusurwa. La'asar sakaliya gabas ta haɗe, wannan karon ba ta watse ba. Gari ya yi duhu, awaki suka fara kuka suna neman gida, mata suna ta kwashe shanya. Iska ta taso ta fara jijjiga gadon, Ɗanjuma yana sama yana cewa a riƙe masa. Na rungume sanda ɗaya, lebura ya kama ɗaya, ta ƙarshen ta fara kwantawa. Sai na ga Malam Isyaku ya tashi daga buzunsa, ya tsallake layin da ya shata da kansa, ya sa kafaɗa ya tokare ta. Haka muka tsaya mu uku har aka shafe yankin, aka rataya buhuna da tsofaffin tabarmi a kan ɗanyar filastar. Ɗanjuma yana dirowa ruwa ya sauko, manyan ɗigo masu zafin duka, ƙasa ta tashi da ƙamshin nan da mutum yake ji har cikin haƙori. A cikinsa aka kira salla. Muka buɗe baki a tsaye da abin da muka tara a tafin hannu.

Ana idar da magariba ruwan ya tsagaita. Na tuna sanduna suna tsaye, na ɗauki shebur na zagaya da sauri. Na tarar da shi a wurin, riga a jiƙe, yana duban bangon.

"Bar su, Garba. Su kwana."

Na fara godiya, ya katse ni.

"Turke shida ba su ne damuwata ba. Daɓen ya bushe da kyau?"

Na ajiye shebur ɗin. Ya ce ranar da aka binne tukunyar shi ya ɗauko gawayin a faifai, yana ɗan shekara tara, kuma daga kututturen tsamiya in ka runtse ido layin ba ya ɓata. Tun ranar da ya dawo daga kudu ya ga bangon ya shigo. Ya ce da fari ya yi mini uzuri, ya san halin bangon ƙasa, ya ce kuskure ne. Abin da ya hana shi ba da wurin gado, gani ya yi wanda ya riga ya shigo kamu ɗaya, in ya kafa turke a gaba, wa ya san inda zai tsaya. Bai kai ƙara ba don ya san za a rushe, kuma ba zai zama sanadin da Inna za ta rasa ɗaki ba. Amma ran da ya ji an yi daɓe kafin rufi, ya san na gani.

"Kwana goma sha shida ina jiran ka. Wallahi da ka zo ka ce Yaya ga abin da na tarar, da na bar maka har abada."

Na ce Yaya ka yi haƙuri. Kunya ta rufe ni, na ji da ƙasa za ta tsage da na shige. Ya ce haƙuri ai ya riga ya yi. Ƙasar aro ce ya ba Inna, ba ni ya ba ba, ran da ta gama da ɗakin yana son kamunsa. Ya sunkuya ya gyara wata kunyar albasa da ruwa ya fasa, ya shige gida.

Inna ta tare ran jajibirin salla. Damina biyar ta yi a ɗakin, ko ɗigo bai taɓa zubo mata ba, kuma har ta koma ga Allah ba ta san komai ba. Shi ma bai taɓa faɗa wa kowa ba, ko Larai. Muna gaisawa, ya zo sunan 'ya'yana, da shi aka ɗauki makarar Inna. Abu ɗaya ne ya canja. In na ce masa an saki ruwa a kanal, sai ya juya ya tambayi na kusa da ni ko an saki. In na ce an ga wata, sai ya ce bari ya ji daga bakin liman. A gabana yake yi, ba da faɗa ba, ba da izgili ba, kuma babu wanda ya lura sai ni.

Washegarin sadakar arba'in na ɗauki guduma da kaina. Mutane suka taru suna cewa Garba ya taɓu da rasuwar tsohuwa, lafiyayyen ɗaki yake fasawa. Na sauke kwanon gefen, na rushe bangon gabas har ƙasa, na fasa daɓen kusurwa na tono tukunyar ta fito fili, da gawayinta yadda na mayar da shi. Na ɗaura igiya daga kututturen tsamiya na ja ta bi ta kanta, na aika aka kira shi. Ya zo yana dogara sanda, don lokacin gwiwa ta fara ba shi wahala. Na ce Yaya ga iyaka nan, na auna, daidai take, ga kamunka.

Ya dubi tukunyar, ya dubi igiyata, ya ce madalla. Sannan ya koma gida ya ɗauko tasa igiyar, ya durƙusa da wannan gwiwar ya auna da kansa. Sau biyu ya auna.